Tankin Da Ya Tsage A Rumfar Lindsay

Akwai wani dattijo a yankinmu mai suna Lindsay Pfitzner, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran jiragen feshin gona. Da ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu, sai ya koma tsohuwar gonar tumakin mahaifinsa da ke bakin busasshen tafkin gishiri, tafiyar awa ɗaya daga garinmu Wirrabinna. A wurina yake shan mai, don ni kaɗai ke da gidan mai a garin. Shi ya sa na san labarinsa tun daga tushe.

Burinsa ɗaya ne. Ya ƙera jirgi mai injin roka da hannunsa, ya hau, ya wuce inda iska ta ƙare, ya ga sama ta yi baƙi ƙirin da rana tsaka, sannan ya sauko a kan gishirin tafkin.

Mutanen gari sun yi ta dariya. Amma an samu mutum biyar da ba su yi ba. Duk Asabar sai su taru a tsohuwar rumfar askin tumaki, su yi aiki tun safe har la'asar, ba wanda ake biya ko sisi. Cikinsu akwai Tuan, malamin lissafi, da Marj Vella, wadda ta tsufa tana walda a wurin ƙera jiragen ruwa a Whyalla. Awa huɗu take tuƙi kafin ta iso.

"Tsoho, shayin nan naka ko injin sai ya kashe," haka take masa tsiya duk zuwa.

"To ki zo da naki mana, sarauniyar mita."

Shekara shida suna haka. Jirgin ya fito, siriri fari, fukafukansa gajeru, kujera ɗaya tal. Ranar da aka fara kunna injin a ɗaure da ƙasa, ƙararsa ta tashi garken fararen aku daga bishiyoyi, Tuan ya zauna a ƙasa yana hawaye.

Daga nan ne kan Lindsay ya fara girma.

Wata 'yar jarida ta zo daga birni. Ya tsaya gaban jirgin ya ce mata, "Da hannuna biyun nan na gina shi. Waɗannan? Suna ɗan taya ni riƙe sifana."

Su biyar ɗin suna tsaye a bayansa. Asabar ta gaba mutum uku ne suka zo.

Bayan wata biyu Marj ta kira shi gefe. Tankin man roka yana bayan kujerar matuƙi, kuma Lindsay da kansa ya yi waldar gindinsa wani makon da ba ta samu zuwa ba.

"Lindsay, wannan haɗin bai yi mini ba. Bari mu cika tankin da ruwa, mu matse shi da famfo, mu ga ko zai riƙe. Idan bai riƙe ba na sake shi."

"Wata nawa zai ci?"

"Uku. Ko huɗu."

"Ba ni da wata huɗu. Waldata lafiyarta ƙalau."

"Ba ƙalau ba ce. Na sa yatsa na ji. Ba zan tsaya ina kallo ka zauna gaban wannan abin ba."

"Kin tsufa, Marj, tsoro ya kama ki. Ko dai haushin jaridar nan ne har yanzu?"

Tuan ya sa baki. "Abokina, saurare ta. Lissafina ma..."

"Lissafinka na 'yan aji ne. Wanda ba zai iya ba, ga ƙofa nan."

Marj ta cire safar hannunta ta ajiye a kan benci. "Ka ci kanka, tsoho," ta ce a hankali. Ta shiga motarta. Tuan da ɗayan suka bi ta.

Lindsay ya ɗauka mako biyu za su yi su dawo. Ba su dawo ba. Shi ma bai kira ba.

Aikin da mutum shida suke yi ya koma kan mutum ɗaya. Abin da ake ɗagawa a minti biyar sai ya ci masa wuni, da igiya da katako. Idan ƙusa ta faɗi cikin jikin jirgin, babu mai haska masa tocila. Ya kan gasa naman rago da yawa bisa sabo, ya ci kaɗan, ya miƙa wa karyarsa sauran. Wata rana ya gane kwana tara ke nan bai yi magana da ɗan Adam ba.

Idan ya zo shan mai sai ya daɗe a tsaye, yana korar ƙudaje da hula, yana ba ni labarin bututu da bawul da ban fahimta ba. Na kan ce, "Lindsay, ka kira su mana." Sai ya ce, "Su ne suka tafi."

Wata huɗun da ya ƙi bayarwa suka zama shekara biyu da rabi.

Da komai ya kammala, ya rage mako guda ya tashi, sai wani tunani ya zo masa. Ba tsoro ba ne, taƙama ce. Zai yi gwajin ruwan, ya ɗauka a waya, ya aika wa Marj ta ga kunyarta.

Da hantsi ya cika tankin, ya jingina wayar a kan durom, ya tsaya nesa kaɗan yana buga famfo. Allurar ma'auni ta fara hawa. Ta wuce rabi. Ya juya yana wa wayar murmushi.

Sai ƙara, kamar an harba bindiga.

Haɗin ya tsage daidai inda yatsan Marj ya taɓa. Ruwan ya fito da ƙarfin da ya huda bayan kujerar, ya fasa gilashin gaba. Allurar ba ta ma kai matsin da tankin zai ɗauka a sama ba. Da man roka ne a ciki, da shi kuma a kan kujerar, da ko abin binnewa ba a samu ba.

Ya zauna cikin ruwan da ya malale. Ya buɗe baki zai ce, "Kun gani?" Babu kowa. Karyar ma ta gudu ƙarƙashin mota.

Washegari ya tsaya a wurina ya cika tankin motarsa, ya kama hanyar Whyalla.

Marj ce ta buɗe ƙofa. Ta rame. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe ba ka mutu ba."

"Saura kaɗan." Ya miƙa mata wayar. "Ki kalla."

Ba ta karɓa ba. "Riƙe mini," ta ce. Sai a lokacin ya lura da hannayenta. Rawa suke yi, ba tsayawa.

Ta kalla har ƙarshe. Ba ta yi dariya ba, ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ja dogon numfashi. "Kullum na kunna rediyo sai gabana ya faɗi, ina jiran in ji sunanka."

"Ki yafe mini, Marj. Ban kyauta ba. Gaban 'yar jaridar nan ma ban kyauta ba. Ki dawo ki sake haɗin. Ko shekara zai ci, zan jira."

Ta ɗaga hannayen ta nuna masa. "Da wane hannun? Kofin shayi ma da biyu nake riƙewa, kuma rabi a ƙasa yake ƙarewa. Da ka zo bara da na yi maka. Bara ina iyawa."

"Tuan fa?"

"Ya koma Darwin wurin 'yarsa. Ya jira wayarka har ya gaji."

Can ta ce, "To tsayuwar me kake yi? Shiga kicin ka ɗora ruwa. Yau dole in sha mugun shayinka."

Ya kira Tuan daga baya. Tuan ya amsa da mutunci, ya yi masa fatan alheri, ya ce shi kam ya rufe wannan babin. Lindsay ya nemi wani mai walda, aka yi ta sa rana ana ɗagawa. Kafin a samu, likita ya duba zuciyarsa ya ce tuƙin jirgi ya ƙare masa.

Jirgin yana nan cikin rumfar, an lulluɓe shi da tamfol. Bai taɓa barin ƙasa ba.

Yanzu duk mako biyu Lindsay yana tuƙin awa huɗun nan, ya kai Marj asibiti, ya jira ta a kan benci, ya mayar da ita gida, ya juyo shi kaɗai. Kwanan baya na tambaye shi ko yana baƙin cikin rashin zuwa sama. Ya dubi titi ya amsa.

"Mutum biyar suka yarda da haukata. Biyar. A duniyar nan wa ke samun haka? Ni na kore su da bakina."

Ya tada mota ya tafi.

Darasi: Wanda ya gaya maka gaskiya mai ɗaci don yana tsoron ya rasa ka, kada ka ɗauke shi maƙiyi. Idan kuma ka ɓata wa wani, ka nemi afuwa yau, don mutumin zai iya yafe maka gobe amma lokacin ba zai dawo ba. Ku tura wa wanda girman kai ya hana shi ɗaga waya, wataƙila har yanzu ana jiransa.