Zoben Sarki a Kan Ƙanƙara

An yi wani sarki, ba a zamanin sulke da takobi ba, a wannan zamani namu na waya da fitilar lantarki, sunansa Sarki Alwali, yana mulkin Birnin Tudun Marke. Mutum ne mai son talakawansa, mai ƙyamar hayaƙi, amma Allah ya jarrabe shi da manyan fada biyu masu ilimi, waɗanda ilimin nasu bai taɓa haɗuwa a kan mas'ala ɗaya ba. Waziri Haliru ya rantse babu wutar da ta dace da birni sai ta rana da iska, Galadima Barmo kuwa ya kafe sai an gina tashar nukiliya, wadda a cewarsa ba ta barci, ba ta kuma san damina ba. In Waziri ya ce tashar Galadima tana barin toka mai guba da za ta shekara dubu ba ta huce ba, sai Galadima ya ce farantan hasken rana na Waziri ragwaye ne, da girgije ya gitta sun kwanta. Shekara uku ana wannan, jama'a, har dogarai suka koyi barci a tsaye.

Daga ƙarshe Waziri ya rinjaya. Sarki ya sa aka yi shela cewa kowa ya dogara da wutar rana da iska da gari ya tanada, wanda duk aka kama ya tayar da janareta a ƙwace injin, a kuma kore shi daga kasuwa. Hayaƙi ya ragu, kunnuwa suka huta, wannan kam ba mai musu. Sai dai fada da gidan Galadima da ke jikinta suna kan wata waya ta musamman wadda aka jibge wa batura, ba ta taɓa ko ƙiftawa ba, saboda haka Sarki ya ɗauka haka duk garin yake. Babu kuma wanda ya ga dalilin ɓata masa rai.

Da marka ta kankama, aka kwana uku ba a ga rana ba, iska ma ta yi ɗif, sai dogarai suka gurfanar da wata dattijuwa mai sayar da ɗanyen kifi, sunanta Tabawa, wai an kama ta tsakar rana janaretanta na ta ruri. Da kifin nan take ciyar da baki tara, in aka kore ta daga kasuwa kuwa, ba ta da wata sana'a.

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, ba ki ji shela ba ne?"

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, na ji, har guɗa na yi, don sayen mai ya daɗe yana wahalar da ni. Amma an ɗauke wuta tun shekaranjiya, kifi kuwa bai san doka ba. In ya ji zafi sai ya yi magana, kuma duk unguwa sai ta ji."

Waziri ya gyara rawani ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, haƙiƙa wannan ƙazafi ne ga tsarin da masana suka tabbatar. Wuta ba ta ɗauke ba, ko ta ƙiftawar ido, tun ranar da aka kafa doka."

Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, ni a binciken da na yi, wutar ba ta ma zo ba balle ta ɗauke. Da an gina tashata…"

Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Shaidu uku, magana uku. Wuta ba ta barin sawu, ba kuma mai ɗaure ta ya kawo gaban shari'a. Wanda ya kawo mini hujjar da ba ta da baki balle ta yi ƙarya, da ita zan yi hukunci. In ba a samu ba nan da mako guda, doka ta hau kan matar nan."

Malaman fada suka shiga nazarin tabarma. Sai Tabawa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, in an yi mini izini, ina da wata 'yar dabara ta 'yan kifi. In zan tafi bakin kogi saro kaya, nakan daskarar da ruwa a kofi, in ɗora kwabo a kan ƙanƙarar, in bar shi a firiza. In na dawo na tarar da kwabon a sama, sanyi bai yanke ba. In na tarar da shi a gindin kofi, ko da ƙanƙarar ta yi tauri kamar dutse, to ta narke ta sake daskarewa, kifin nan kuwa ba zan sayar wa 'ya'yan mutane su ci su kwanta ba."

Sarki ya ji daɗin wannan magana ƙwarai. Ya cire zobba biyar, aka ɗora su a kan kofuna biyar na ƙanƙara. Ɗaya aka ajiye a fada, ɗaya a rumfar Tabawa, ɗaya a gidan Waziri, ɗaya a gidan Galadima. Na biyar ita ta roƙa a kai shagon wani mai sayar da ruwan sanyi, wanda ke bango ɗaya da Waziri. Aka kulle kowace firiza, aka buga hatimin Sarki.

Kada ku tambaye ni yadda Tabawa ta yi makon nan. Injinta na hannun dogarai, kifin da ya rage ta yi bandarsa tana hawaye, ita da kullum ke addu'ar rana sai ga ta tana roƙon Allah ya ƙaro hadari. Tsoro take ji ƙwarai, kada sama ta washe gaskiyarta ta zama ƙarya. Aka kwana biyar ana yayyafi, sannan rana ta fito tarwai kwana biyu, wuta ta dawo ko'ina, Waziri ya shiga taku ɗai-ɗai yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba.

Ranar hukunci Sarki da kansa ya zaga. A fada zobe na sama. A rumfar Tabawa ƙanƙara ta yi tauri, Waziri har ya buɗe baki zai yi hamdala, sai aka ɗaga kofin aka hango zoben can a gindi. A shagon mai ruwan sanyi ma haka. Da aka buɗe ta gidan Waziri kuwa, ga zobe zaune a sama yana walƙiya.

Waziri ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, hujja ta bayyana."

Sarki ya ce, "Ta bayyana kam. Waziri, gidanka da shagon maƙwabcinka ba waya ɗaya ba ce?"

"Ɗaya ce, ranka ya daɗe."

"To wace rana ce ke fitowa a gidanka kai kaɗai?"

Tabɗi! Ba a jima ba dogarai suka tono wani ƙaton janareta a rami bayan rumbu, an lulluɓe shi da katifu huɗu don kada a ji numfashinsa. Galadima ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Da dariyar aka isa gidansa, da aka ɓalle hatimi kuwa, wani wari ya bugo wanda ya sa mai busa algaita ya ja da baya. Kofi ruwa ne tsululu mai ɗumi, naman rago guda ya ruɓe a gefensa. Alhali gidan nan waya ɗaya yake da fada. Ashe bawan Allah zare wayar firizar ya yi daga bango tun ranar farko, ya sadaukar da ragonsa don dai a ce wutar Waziri ba ta aiki.

A nan ne Sarki ya tambayi dalilin da zoben fada bai nutse ba, aka gaya masa labarin wayar musamman. Kunya ta kama shi. Sannan ya dubi Tabawa ya ce, "Inna, a tsakanin rana da nukiliya, wa ya fi gaskiya?"

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ya fi ƙarfin mai kifi. Wutar rana na gan ta, tana da daɗi, ba hayaƙi, sai dai a tanadar mata abin da zai riƙe ta in marka ta zo. Ta Galadima ban gan ta ba. Ya ce shekara goma sha biyu ake ginin ta, bai kuma faɗi a unguwar wa za a binne tokar ba, kifi kuwa wuni guda ya ishe shi. Ku yi ta shawararku, ku ne masu ilimi. Abin da na roƙa kawai, kada a karɓe abin da ke hannun talaka sai an miƙa masa madadinsa."

Sarki ya yi hukunci nan take. Aka mayar wa Tabawa injinta da rumfarta, aka ba ta zobban biyar da sarautar Magajiyar Ƙanƙara, ita ce mai ajiye kofi a kowace unguwa. Dokar hana janareta aka jingine ta sai ranar da zobe ya kwana arba'in na damina a sama a unguwar da ta fi kowace talauci. Baturan fada aka raba wa unguwanni, aka haɗa fadar da wayar 'yan kifi, domin in an ɗauke musu a ɗauke wa Sarki. Injin Waziri aka kai ɗakin shan magani. Shi da Galadima kuwa aka umarce su su ci gaba da muhawararsu, amma a rumfar Tabawa, a kusa da firiza, inda hanci zai riƙa yi musu alƙalanci.

Tabawa ta koma gida da injinta a kan amalanke, ta tarar da baki taran nan a ƙofar gida suna jiran jin ko gobe za a ɗora tukunya. Ta ce musu za a ɗora, sannan ta zauna a dakali ta yi kukan da ta riƙe a gaban Sarki.

Ku kuma masu riƙe da al'amuran jama'a, ku sani doka ba ta zama adalci sai wanda ya kafa ta ya yarda ta fara aiki a gidansa.