Itacen da Suruki Ya Kawo

Akwai wani mutum da ya gāji itatuwan maɗaci bakwai a ƙofar gidansa. Mahaifinsa ne ya dasa su, babban cikinsu kuwa ran sunan mutumin aka dasa shi. Shi ya sa yake kiransa tagwainsa. A inuwarsa yake cin tuwo, a nan yake karɓar baƙi.

Wata rana surukinsa, uban matarsa, ya zo daga wani gari mai nisa da amalanke cike da itacen girki, kyauta. Suna cikin saukewa, matar ta lura itacen duk ƙananan ramuka ne kamar an soka allura, wani gari mai laushi kuma yana zubowa daga ciki. Ta ja mijinta gefe ta ce masa itacen nan da ƙwaro, irin da ba ta taɓa gani a garinsu ba, gara a cinna masa wuta gaba ɗaya tun yau.

Mutumin ya ga ramukan sarai, ba makaho ba ne. Amma ina shi ina ƙone kyautar suruki, tsohon ma ko ruwa bai gama sha ba? Kunya ta kama shi. Ya yi godiya har ƙasa, ya jera itacen a jikin babban maɗacin, inda duk mai wucewa zai ga irin surukin da Allah ya ba shi.

Damina ta zo ta wuce. Ganyen babban maɗacin ya fara bushewa daga can sama, reshe ɗaya, sai biyu. Sai maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan mai saran itace da baki, ya fara zuwa kowace safiya yana ƙwanƙwasa jikin itacen. Mutumin ya ce ai ga mai kashe masa tagwai. Ya tara tsakuwa kusa da tabarmarsa, da tsuntsun ya sauka sai jifa, har ya daina zuwa. Sannan ya shafa wa gindin farar ƙasa, ya zuba masa taki. Itacen ya yi kyan gani daga hanya.

Wani tsohon masassaƙi, mai sassaƙa turmi, ya biyo ta wurin. Ya ɗaga kai ya dubi saman itacen, ya sa gizagonsa ya ɓare ɓawo kamar tafin hannu. A ƙarƙashi sai ga hanyoyi a karkace ko'ina, da fararen tsutsotsi kwance a ciki.

Ya ce, “Maigida, wannan ya riga ya tafi. Tsuntsun da ka kora, waɗannan yake zuwa ci. Ka sare shi ka ƙone kafin su yi fiffike, in kana son sauran shidan.”

Mutumin ya ce, “Baba, rana ɗaya aka raɗa mana suna da itacen nan.”

Tsohon ya ce ya sani, yana wurin ranar. Ya saɓa gizagonsa ya tafi.

Mutumin ya wasa gatari, ya jingine shi a zaure. Yau ya ce sai bayan girbi, gobe ya ce bari a ga ko zai yi sabon toho. Wata uku gatarin yana jingine. Ran da ya sare itacen da hawaye ya sare shi, ya haɗa da sauran itacen surukin ya ƙone. Da ya je ya ɓare ɓawon na kusa, sai ga hanyoyin. Na bayansa ma haka. Uku ya sare a wannan mako, huɗu suka tsira.

Ma'anar wannan misali ita ce: itatuwan nan su ne abin da Ubangiji ya danƙa mana, wato bangaskiyarmu, aurenmu, 'ya'yanmu, da sunanmu a cikin jama'a. Ƙwaron shi ne zunubi. Ku lura, ba ɓarawo ne ya shigo da shi ba. Ya zo ne ta hannun wanda ake jin nauyinsa. Sau da yawa haka yake: babban aboki ya kawo maka tsegumi, ɗan'uwa ya roƙe ka ka yi masa shaidar da ka san ba gaskiya ba ce, ka ga ramukan da idonka, amma ka ce na gode.

Tsuntsun shi ne ɗan'uwan da ke ƙwanƙwasa maka gaskiya. Muryarsa ba daɗi, na sani, ni ma na taɓa jifan nawa, kuma har yau ina jin kunyar abin. Farar ƙasar kuwa ita ce rigar Lahadi da muke sawa a kan abin da ke cinmu ta ciki.

Ubangiji mai jinƙai ne, shi ya sa huɗu suka tsira. Amma ku ƙirga da ni. Ran da itacen girkin ya iso, abin da mutumin zai rasa kawai shi ne fuskar suruki na 'yan kwanaki. Ran da masassaƙi ya yi magana, itace ɗaya ne. Bayan wata uku, uku ne. Kowannenmu ya san abin da ya jingine a zaurensa yana cewa sai bayan girbi. In kun koma gida yau, ku ɗauki gatarin.