Faifan Birkin Da Aka Fesa Wa Fenti

A garin Tudun Marke an yi wani Sarkin Tasha mai suna Arzika, mutum mai zafin zuciya. Wata ranar kasuwa motar ƙanensa Cindo ta ƙwace a gangaren gada, ta faɗa rafi. Cindo ya rasu, tare da wasu mata masu kai tumatir. Da aka jawo motar sai aka ga faifan birkinta, ƙarfen nan na bayan taya da birki ke damƙa, ya tsage gida biyu. Da sunan sabo aka sayar wa Cindo, ashe tsoho ne da ya gama cinyewa, aka kankare tsatsa aka fesa masa fenti.

Ana dawowa daga maƙabarta Arzika ya tara direbobi, ya ce, "A kawo fetur! 'Yan gwangwan ɗin nan masu tsintar ƙarfe a bayan tasha, su suka kashe mini ɗan'uwa. Yau sai rumfunansu sun zama toka."

Suna fitowa suka tarar da Goggo Lantana tsaye a bakin ƙofar tasha. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine su shi da Cindo, kuma ba ya yanke shawara sai ya ji ta bakinta.

Ya ce, "Goggo, ki ba ni hanya."

Ta ce, "Ka fi ni jin zafi ne? A bayana Cindo ya yi wayo. Ajiye jarkar nan, kada ka bi sawun Jatau bakanike."

Arzika ya dangwarar da jarka, yana huci. Ya ce, "Wane ne kuma Jatau?"

Ta ce, "Zauna ka ji.

"Jatau bakanike ne a wani gari gabas da nan, mai tsoron Allah a kan aikinsa. In ya ga faifan birki ya cinye, ko mai mota zai yi kuka sai ya cire shi. Yakan buga masa alama da kurfi, ya wurga shi bayan gareji, wanda ya so ya ɗauka. Wata rana 'yarsa Kyauta ta shiga motar haya za ta gaida kakarta. Birki ya ƙi ci, mota ta daki bishiya, aka yanke wa yarinyar ƙafa. Jatau ya je ya kwance tayar da hannunsa, ya goge fenti da babban yatsa, sai ga alamarsa.

"Ya figi ƙaton sifana ya nufi wurin Mati, mai tsintar ƙarfe da ke zagayawa yana tura kurar kaya a unguwarsu. Hanya ta biyo da shi ta maƙerar wani tsoho, Anaruwa. Tsohon ya ga idonsa ya kaɗa, ya kira shi, ya ji abin da ya faru. Ya ce, 'Jatau, kafin ka ƙarasa, ko ka taɓa jin abin da ya sami Dogara maharbi?'

"Jatau ya ce, 'Baba, faɗi da sauri, jinina tafasa yake.'

"Anaruwa ya ce, 'Dogara yana da tukunyar da yake dafa dafin kibiya. Da bakinta ya ɗan ɓalle sai ya kai ta juji ya ajiye, in ban da haka lafiyarta lau. Wani mayaudari ya tsince ta, ya wanke, ya shafe ta da jar ƙasa, ya kai kasuwa. Wata mata mai suna Delu ta saya, ta kaɗa miyar kuka a ciki. Kafin la'asar 'ya'yanta na birgima a tsakar gida, ƙaramin bai tashi ba. Da aka gane tukunyar, Dogara ya fi kowa ihu. Ya rataya kwari da baka, ya je gaban dagaci yana rantsuwa sai ya harbe wanda ya sayar. Dagaci ya ce masa, mai sayarwa azzalumi ne, kuma zai gamu da hukunci. Amma duk garin nan wa ya san abin da tukunyar ta sha in ba kai ba? Ga dutse a ƙofar gidanka, me ya hana ka fasa ta? Sai Dogara ya sauke baka.' Tsohon ya dubi Jatau ya ce, 'Kai ma ka san abin da ka jefar. Koma bayan garejinka tukuna.'

"Jatau ya ce, 'Ni za ka ɗora wa laifi, 'yata na kwance ba ƙafa?' Ya wuce fuu. Ya sami Mati yana ɗaure kaya, bai tambaye shi komai ba ya sauke masa sifana a ka. Mati ya mutu nan take. A gaban alƙali aka gano duk ƙarfen da Mati ya tsinta wurin masu narkawa yake kai shi, a mai da shi rodi. Wani mai shagon kayan mota ne ke zuwa ya zaɓi fayafayan da ba su fashe ba. Jatau ya tsufa a kurkuku. Kyauta ta rasa ƙafa, ta rasa mai ɗaukarta. Tarin ƙarfen kuwa yana nan bayan gareji, mai shago ya ci gaba da zaɓe abinsa."

Goggo ta nuna bayan tasha da sandarta. Ta ce, "To, tsibin can da kanikawanka ke zubarwa, a ƙasar wa yake? Wa ke wuce shi kullum da babbar riga bai taɓa cewa uffan ba? Za ka ƙone talakawa, ka bar mai fenti yana dariya, gobe a kawo mini gawar wani!"

Arzika ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Na ji, Goggo. A mayar da fetur."

Ya sa aka bi sawu har aka kamo mai shagon da ya sayar wa Cindo faifan, aka miƙa shi ga hukuma ba wanda ya taɓa shi, ko da yake sai da aka rirriƙe Arzika. Ya kafa doka: duk faifan da aka cire a tashar nan, a fasa shi a gaban mai mota, a ba 'yan gwangwan gutsattsarin su kai a narke.

Sannan ya tuɓe riga, ya karɓi guduma ya nufi tsibin. Ya yi ta duka yana kiran sunan Cindo har tafinsa ya fashe. Wani direba ya matso zai karɓe shi, Goggo ta tare shi da sanda.

Ta ce, "Ƙyale shi. Akwai saura."