Ƙwan Zabuwa a Akurkin Kaza

"Ga ta nan, ga ta nanku. Mai mutsu-mutsu ya tashi ya ba mu wuri."

"Ta zo mu ji ta, Kaka. Mun nutsu."

Wata tsohuwa ce, Gwaggo Hakama. Ba ta da komai sai ɗan lambu a bayan ɗaki: kuɓewa, yakuwa, barkono, tumatir kaɗan, da kabewa da ta hau darni. Dabbobinta uku. Akuya a turke, Kaza a akurki, Zabuwa kuma a bisa dalbejiya, don ta ce ita ba a yi ta don kwanan ƙasa ba.

Ran nan aka aiko cewa Nomau, mijin 'yar Gwaggo, zai zo gaisuwa nan da wata guda. To, suruki ba a ba shi miya lami. Gwaggo ta tsaya tsakar gida tana watsa tsaba, ta ce, "Ni ba na yanka uwa mai 'ya'ya a bayanta. Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Ranar da Nomau ya zo, wadda na gani tana yawo ita kaɗai, ita ce ta tukunya."

Akuya ta ce, "Ni dai da cikina. Ku ƙarata can, masu fukafukai."

Kaza kuwa, a makon nan guza ya fasa bayan akurki ya shanye mata ƙwai kaf. Zafin kwanci bai sake ta ba, sai ta ci gaba da zama a kan ciyawa.

Zabuwa kuwa ƙwanta goma sha biyu, ta ɓoye su ƙarƙashin ganyen kabewa. Amma kwancin ƙwan zabi mako huɗu ne cur. Mako huɗu a zaune, ga tumatir ya fara ja? Ta yi tunani, ta sauko, ta leƙa akurki.

"Yaya Kaza, sannu da aiki. Me ake ɗumamawa, ciyawa? Allah Ya sa ta ƙyanƙyashe."

Kaza ta ce, "Amin."

"Ji nan. Ke dai taki ta ƙare, kowa ya sani. To ki yi abin kirki kafin ki tafi. Ki kwanta mini a kan nawa. Ranar da baƙo ya zo in karɓi 'ya'yana. Ke kuma in ana cin ki, ni zan fi kowa kuka."

Kaza ta ce, "Kawo su."

Zabuwa ta gangaro da su ɗaya-ɗaya har bakin ƙofa. Ciki dai ba ta shiga ba, wai yana wari. Da Gwaggo ta zo shara ta ga ƙwai masu ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin Kaza. Ta dube su, ta dubi dalbejiya, ta ajiye kaskon ruwa, ta wuce.

Mako na fari Zabuwa ta zo da 'ya'yan tumatir a baki. "Yaya, kina juya su kuwa? Ƙwan manya ne, ba irin naku ba."

"Ina juyawa."

Akuya ta ce, "Kai, uwa ke nan. Har ta san ana juya ƙwai."

Mako na uku Zabuwa ta dawo, ta yi ɓul-ɓul, barkonon Gwaggo ya koma rabi. Kaza kuwa gashin ƙirjinta ya zube, idonta ya faɗa.

Kaza ta ce, "Da nawa ne da yau sun fito."

"Naku ai gaggawa gare su, shi ya sa ba ku da daraja. Kuma ki daina ramewa haka. Me kike so baƙo ya ci, ƙashi?"

A mako na huɗu aka yi ruwa mai ƙarfi da hantsi, har ya fara malala cikin akurki. Kaza ta baje fukafukai, ta tattara ƙwan, ta jiƙe jagab. Zabuwa na can reshe tana ba da umarni: "Ɗaga na gefen hagun! Kar ki yi mini asara!"

Akuya ta ce, "Sannu, Zabuwa. Sauka ki huta, kar maƙogwaronki ya yi ciwo."

Kwana biyu bayan nan goma suka fito. Biyu sun yi bara-gurbi. Kaza ta ja su lambu, ta tona musu gara a gindin darni, ta koya musu shan ruwa a kasko ba tare da sun faɗa ciki ba. Rana ɗaya shirwa ta kawo sura. Kaza ta yi kira ɗaya, duk suka shige ƙarƙashinta, ta tsaya ta sha farce a baya. Zabuwa kuwa ta riga kowa hawa bishiya. Daga can ta ce, "Riƙe su tukuna. Sai ranar."

Ranar ta zo. Nomau ya jingine kekensa a zaure, aka gaisa. Gwaggo ta miƙa masa wuƙa, ya hau wasa ta a dutse. Zabuwa ta sauko tana taƙama, ta tsaya tsakar gida.

"To 'ya'yana, ku taho. Ga uwarku."

'Yan zabin suka dube ta. Ƙaramin cikinsu ya ce, "Inna, wace ce wannan mai sanƙon?"

Kaza ta ce, "Ku gaishe ta. Maƙwabciya ce."

Zabuwa ta sake kira, ta buɗe fiffike. "Ku dubi zanen jikina! Jinina ne ku!"

Suka dubi jikinsu. Ɗan zabo kuwa yana ƙarami ba shi da ɗigo ko ɗaya. Suka ce, "Mu ba mu da irinsa."

Karo na uku ba kira ta yi ba, kora ta yi. Ta bi su da sara, suka watse, suka afka akurki. Ƙarar wuƙa na tashi a dutse. Zabuwa, wadda ba ta taɓa sa ƙafa a akurki ba, ta kutsa ciki da gudu.

Kaza ta zagaya baya, ta tsaya daidai ramin da guza ya fasa, ta yi kiran nan nata. Goma suka fito ta ramin, ɗaya bayan ɗaya. Zabuwa ta sa kai za ta bi. Kai ya wuce. Sauran jikin, da aka tara a lambu, ya ƙi. Gwaggo ta kifa faifai a ƙofa, ta danne da dutse.

"Gwaggo, ni na saka ƙwan nan! Tambayi Akuya!"

Akuya ta ce, "Gaskiya ne. Ta saka. Kuma ta yi ihu ƙwarai ranar ruwa."

Gwaggo ta ce, "Na ga inda kika saka, na kuma ga inda kika zauna. Cikin barkonona. Ni bayan kowa na ce zan duba. Waiwaya ki gani, wa ke bin ki?"

Zabuwa ta ce, "Yaya Kaza, ki ce wani abu mana!"

Kaza ta ce, "In ana ci, zan fi kowa kuka." Ta ja 'ya'yanta suka nufi lambu.

Nomau ya ci tuwo malmala uku. Yana suɗe ƙashi ya ce, "Gwaggo, wannan nama sai ka ce da kayan miya aka yi kiwonsa."

Gwaggo ta ce, "Da shi aka yi. Ƙara."

Tun daga nan, in an tsinci ƙwan zabi a ciyawa, kaza ake kai wa. Ku kuma ku ji: ɗa ba ya tambayar wa ya kawo shi duniya, wanda ya rufe shi ranar ruwa yake bi. Wanda ya miƙa wa wani wahalarsa, ya miƙa masa har da ladan.

Ƙungurus kan kusu. Na zabuwa kuwa mage ta ɗauke. Ku tashi, wani ya duba ko an rufe akurki.