Kunnen Inna

An yi wani sarki mai ƙaunar ilimi, wanda ya sa ake rubuta tsirran ƙasarsa a littafi, da sharaɗin duk wanda ya kawo tsiron da babu shi a ciki, shi zai raɗa masa suna.

Wata damina sai Malam Ɗayyabu, masanin fada, wanda iliminsa ke da yawa amma son yabonsa ya fi, ya kawo wani abu manne da ruɓaɓɓen ice, mai laushi, yana rawa kamar daskararren romo, ya nemi a sa masa sunansa. Kwana uku bayan haka wata tsohuwa mai sayar da itace, Tabawa, ta faɗi gaban sarki ta ce, "Ranka ya daɗe, a damin itacena Malam ya gan shi. Marigayiya innata ta nuna mini shi, ba ta bar mini wani gado ba sai wannan sani."

Sarki ya ce wa Waziri Zubairu, "Rarrabe mana mai gaskiya."

Waziri ya lura abin ya bushe ya ƙanƙance, sai ya haɗa shi a faifai da ɓawon ice da guntun fata, ya ce kowa ya nuna nasa. Malam ya jujjuya, ya ce, "Allah ya gafarta Waziri, nawa ya mutu, ba ya nan."

Tabawa ta roƙi ƙwaryar ruwa, ta tsinci wani baƙin ɓarɓashi ta jefa. Kafin a kira la'asar ya kumbura, ya koma yadda yake, da lanƙwasa irin ta kunne. Ta ce, "Ba ya mutuwa, ruwa yake saurare. Haka Inna ke cewa."

Sarki ya yi murna, ya ce, "Faɗi sunan mahaifiyarki a rubuta."

Ta sunkuyar da kai, don tun da aka haife ta bakinta bai taɓa kama sunan nan ba, ba kuwa a fada za ta fara ba. Sarki ya gane, ya ce wa magatakarda, "Rubuta Kunnen Inna."

Ya ba ta jaki na ɗaukar itace, ya ba Waziri alkyabba, ya sa Malam ya zauna gabanta ya rubuta sauran abin da ta sani. Ta koma gida tana hawayen daɗi.

Adalci, ya ku masu hankali, shi ne a mayar wa kowa haƙƙinsa, ko da mai shi yana kabari.