Kala a Gonar Maiwada

Bana an yi girbi a Katuru, an ɗaure dammuna, amma babu muryar nan da take tsayawa a bakin gona tana kiran mata su shigo kala. Mai muryar ya riga mu gidan gaskiya. Maigidana ne. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, to amma labari ba ya tafiya sai da suna. Sunansa Maiwada.

Maiwada manomi ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Zurmi. Ba marowaci ba ne. Tun a gona yake fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, kafin hatsi ya ga rumbu. Aibinsa guda ne: alherinsa yana da shinge. Idan ya san mahaifinka da kakanka, to ka ci ka sha. Idan bai san su ba, ko gaisuwarka da ƙyar yake amsawa.

Al'adarmu ce idan an gama yankan gero, mata marasa ƙarfi su shiga gona su tsinci zangarniyar da ta zube. Ita ce kala, kuma ba a hana kowa. Wata shekara fari ya koro wani mutum mai suna Mamuda daga Nijar, shi da iyalinsa, suka sauka a ƙauyen. Matarsa ta bi mata kala a gonar Maiwada. Da ya gan ta, sai ya tare ta, ya sa ta zazzage abin da ta tsinta a ƙasa.

"Kalar gonar ga ta 'yan gari ce," in ji shi.

Ta ɗauki kwandonta babu komai ta fita. Ba a daɗe ba Mamuda ya kwashe iyalinsa suka ƙara gaba.

A cikin ranin nan ne wata malamar jami'a, Dakta Nusaiba, ta zo. Kimiyyar siyasa take koyarwa, kuma tana zagaya Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi tana binciken ra'ayin jama'a a kan abu biyu: rabon arziki tsakanin masu shi da marasa shi, da kuma yadda ake kallon baƙi. Ta sami Maiwada a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa ta nemi izini, ta ajiye wayarta tana ɗaukar murya.

"Baba, ga wani magidanci. Gonarsa ba ta yi ba, rumbunsa babu ko tsaba, ga yara. Ya dace a karɓa daga masu hali a ba shi?"

"Wagga har tambaya ce? A ba shi mana! Mi aka tara hatsin domi?"

"To, idan baƙo ne, bai daɗe da sauka a garin ba fa?"

Maiwada ya ajiye fartanyar. "Af! Ashe kin ɓoye mini rabin zancen. Baƙo ya koma inda aka san ubansa."

Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce aikinta ta ji, ba ta gyara ba, kuma za ta dawo bayan 'yan shekaru ta ga ko ra'ayin mutane yana sauyawa.

"Ki dawo ko da furfura, ɗiyata," ya ce yana dariya. "Nan za ki iske ni, ni da maganata."

Ba ta same shi a nan ba. Rashin tsaro ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har zuwa gona ya gagara. Muka bar gida da rumbuna da kaburburan iyaye, muka sauka a Katuru, inda wani bawan Allah ya ba mu ɗaki.

Abin da ya hana Maiwada sukuni shi ne gona. Tun da ya yi wayo bai taɓa cin tuwon da ba guminsa ba. Ga bazara ta yi nisa, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, kowa yana sharar gona, shi kuwa ba shi da ko kunyar gona ɗaya da zai zuba iri. Idan ruwa ya sauka bai shuka ba, to shekarar nan sai dai ya miƙa hannu. Ya bi gida-gida neman aro. Babu wanda ya yi masa rashin mutunci. Kowa sai ya ce, "Wayyo, da ka zo da wuri," ko kuma, "Sai dai baɗi, in muna raye."

Ana cikin haka Dakta Nusaiba ta iso Katuru. Mai unguwa ya tara mata magidanta a inuwar tsamiya, Maiwada ya zauna can gefen tabarma. Tana ganinsa ta gane shi, amma ta gaishe shi kamar kowa. Ta kawo labarin magidancin nan mai rumbu babu tsaba. Kowa ya ce a ba shi. Sai ta ce, "Idan baƙo ne fa?"

Wani manomi mai faɗin baki, Tambari, ya yi caraf. "Malama, mu kanmu bai ishe mu ba. Kowa ya koma inda aka san shi!"

Maiwada ya ɗago kai. Maganarsa ce, babu abin da aka rage, sai dai yau daga bakin wani take fitowa, kuma a kansa take sauka.

"Baba, kai fa?" Dakta ta tambaye shi a hankali.

Maiwada ya ce, "Ɗiyata, wancan karon na ɗauka labarin wani kike ba ni. Ashe nawa ne, bai dai iso ba. Ni ne mutumen nan naki. Kuma yunwar da nike ji yau, ba ta tambaye ni sunan garinmu ba."

Sai wani dogon mutum ya miƙe daga baya.

"Maiwada, ka tsufa fa."

Mamuda ne. Ashe da ya bar ƙasar Zurmi nan ya zauna, ya yi ƙwadago, ya yi kiwo, har Allah ya ba shi gonar kansa.

"Mai ɗakina har yau tana tuna kwandonta," in ji Mamuda. "Amma ina da gona bakin fadama, ta fi ƙarfina. Ka ɗauki gefen gabas ka shuka."

Tambari ya tafa hannu. "Ikon Allah! Yau baƙo ke ba baƙo aro!"

Aka fashe da dariya, har da mai unguwa.

"Mu muka san ciwon, Tambari," Mamuda ya ce. Ya juyo ga Maiwada. "Ba ni son ko dami ɗaya. Sharaɗina guda ne: ran kala, kada ka tambayi mace daga ina ta fito."

Maiwada ya kama hannunsa da hannu biyu.

Ruwa ya sauka, ya shuka, gero ya yi kyau. Tun daga nan ya zama wani mutum dabam. Idan ana yanka sai ya riƙa ce wa masu aiki, "Kai, kada ku tsince tas, ku bar wa masu zuwa." Sannan ya tsaya a bakin gona ya ɗaga murya: "Ku shigo, bayin Allah, ta kowa ce!" Shi da Mamuda suka zama aminai, kullum suna tare suna tsokanar juna a kan wa ya fi wani baƙunta. Shekarun nan na Katuru su ne mafi kwanciyar hankali da na gani a tare da shi, har ciwon ajali ya zo bayan girbin bara.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada ka auna taimako da asalin mai buƙata. Zama ɗan gari ba gado ba ne da ba ya suɓucewa, aro ne daga Allah, kuma wanda ka kora daga gonarka yau yana iya zama mai gonar da za ka nema gobe. Maiwada ya yi sa'a, ya gane tun yana da sauran numfashi. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya taya ni addu'a: Allah ya jiƙan Maiwada, ya sa kalar da ya bari ta zama haske a kabarinsa, ya saka wa Mamuda da alheri, ya mayar da duk wanda ya bar gida gidansa lafiya. Ku ce amin.