Kurege da Gyaɗar da Ta Ƙi Barin Rara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso, ban da gyangyaɗi!

Ta zo mu ji ta, Iya.

Kura da Biri suka yi gayya, suka cire gyaɗa, aka ƙirga ta kwanso dubu biyu da ɗari biyar da ashirin cif. To a dajin nan mai rabo ba ya da kaso, abin da ya ƙi rabuwa shi ne ladansa. Kurege, da 'ya'yansa suka wuni ba su ci komai ba, ya yi wuf ya ce shi zai raba.

Ya kasa biyu, babu rara.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, Kura, a ci gyaɗar gayya ban da Bushiya? Ai ta yi aiki."

Aka kira Bushiya. Ya kasa uku, babu rara. Ya sa aka kira Zomo, babu rara. Aka kira Gafiya, babu rara. Kai, har sai da aka kai goma, 'yar banzar gyaɗar nan tana rabuwa daidai kamar da gayya take yi masa!

Sai ya faki ido ya cusa ɗaya a kumatu, ya sake kasawa. Kowa ɗari biyu da hamsin da ɗaya, ga tara a gefe. Murna kamar ta kashe shi.

Ya miƙa hannu ke nan, sai ga Kunkuru yana haki. "Salamu alaikum, kada a manta da ni, ni ma na yi gayya."

Aka ce a sake. Ya kasa sha ɗaya, kowa ɗari biyu da ashirin da tara, babu rara ko ta magani.

Biri ya yi lissafi ya ce, "Af, ɗaya ta ɓace."

Kura ta take wutsiyar Kurege. "Kai, mene ne a kumatunka? Yau da kai zan yi miya."

Ya tofo ta. "Ranki ya daɗe, ladana ne. Na hango Malam Kunkuru tafe, na san ɗaya za ta rage, shi ne na rage muku wahala. Ku mayar ku gani."

Aka mayar, aka kasa, ɗaya ta rage. Kura ta ɗage ƙafa tana zare ido.

Kunkuru kuwa ya ce, "Ƙanena, ba don ka yi ta jan rabon nan ba, da na tarar an watse." Ya cika masa hula da gyaɗa. Kurege ya ruga gida, 'ya'yansa suka ci har suka bari.

Ƙurunƙus kan kurege! In za ku ɓoye abu a kumatu, yara, ku fara leƙa hanya ku ga ko wani na tafe.